Yadda Injiniya Ya Jera Mu a Ƙofar Banɗaki

Matar Tela ce ta fara gaya mini, muna wanke-wanke a bakin famfo. Ta matso da kujerarta, ta rage murya, ta ce, "Kaka, kin ji abin da angonki ya ɗauko wa kansa?"

Angon nawa shi ne jikana, ɗan babbar 'yata, wanda ke zaune a ɗakin da ke jikin nawa. Ya yi wata makarantar kwamfuta ta 'yan watanni a saman wani kanti, ya dawo da takarda mai ado a gefe da tabarau wanda ba na magani ba, ya ce daga yau a riƙa kiransa Injiniya. Yaro ne mai kirki, wallahi. In zazzaɓi ya kama ni shi ke dafa mini ruwan zafi, shi ke matsa mini ƙafa. Sai dai bakinsa ya riga hankalinsa girma, kuma har yau hankalin bai kamo ba.

Gidanmu gidan haya ne, ɗakuna jere kamar haƙora, banɗaki kuwa guda ɗaya tak a ƙarshen baranda. Kullum da safe sai an yi yaƙi a ƙofarsa. Wannan ya ce bokitinsa ne ya fara zuwa, wancan ya ce bokiti ba mutum ba ne. Mai gidan, wanda muke kira Mai Makulli saboda tarin makullan da ke rataye a ƙugunsa, katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi, kuma ya gaji da farkawa da ihunmu. Akwai wani shago a ƙofar gida da ya daɗe a rufe, mai aski na unguwa yana ta bibiyarsa. To ashe jikana ya je ya sami Mai Makulli ya ce zai kashe faɗan banɗaki har abada da ilimin na'ura. Mai Makulli ya ce in ya zo ranar hutu ya ga an shiga an fita babu hayaniya, shagon na jikana ne, ya buɗe wurin koyar da kwamfuta. In kuwa ya ji ko tari mai ƙarfi, mai aski ya kawo madubinsa.

Na ɗauraye hannuna na tafi ɗakinsa. Na same shi ya baje wayoyi a kan katifa kamar mai gyaran rediyo.

Na ce, "Kai, me na ji?"

Ya ce, "Tsohuwa, zauna ki sha ilimi kyauta. A cikin na'ura kowane mutum abu ne."

Na ce, "Ni ce abu?"

Ya ce, "Ke ma abu ce, Baba Tela abu ne, kowa abu ne. Kowane abu yana ɗauke da siffofinsa a jikinsa, kamar shekarunsa. Aikina shi ne in koya wa abu yadda zai kalli ɗan'uwansa ya ce ɗaya cikin uku: ina gabanka, ina bayanka, ko daidai muke. Da zarar abubuwa sun iya wannan, su da kansu za su jeru. Abin da manyan duniya ke yi ke nan."

Na ce, "Manyan duniya ma banɗaki ɗaya gare su?"

Ya gyara tabarau ya ce, "Kaka, ba za ki gane ba. Ki dai shirya kujerar da za ki zauna ranar buɗe shago."

Gaskiya ina son ya sami shagon nan. Na gaji da ganinsa yana zaga tsakar gida da rana tsaka yana wa kajin mutane bayanin fasaha. Don haka na ƙyale shi, har na ba shi aron teburina.

Ya bi ɗaki-ɗaki yana tambayar kowa shekarunsa. Matar Tela ta rage wa kanta wasu, Baba Tela ya ƙara wa kansa wasu, shi kuwa ya zuba duka a na'ura. Ya ɗaure wata lasifika a saman ƙofar banɗaki da igiyar shanya. Ya ce doka mai sauƙi ce: babba kafin ƙarami.

Da gari ya waye muka fito da bokitai. Na tsaya a gaba ina gyara ɗankwali, don kowa ya san babu wanda ya kai ni shekaru a gidan. Lasifikar ta yi kakari kamar akuya mai mura, sannan ta ce, da wata muryar mace marar kunya, "Na farko, jaririn Direba."

Jaririn Direba ko zama bai fara ba. Yana bayan uwarsa yana barci da yatsa a baki.

Malama, wata matashiya mai koyarwa a firamare da ke ɗakin tsakiya, ta ce, "To, a ba shi soso ya shiga."

Direba, mai jan motar haya da ke zaune a gidanmu, ya ce, "Injiniya, shi zai ja motar tawa yau?"

Jikana ya fito a guje da kwamfutarsa a hannu. Ya duba, ya duba, ya ce, "Ƙaramin abu ne. Inda ya kamata abu ya ce ina gabanka, ya ce ina bayanka. Na juya alamar ne kawai. Wannan ma yana nuna na'urar tana aiki, tunda ta jera ku daidai, sai dai daga ƙasa."

Na ce, "Ni ina nake?"

Ya ce, "Ke ce ta ƙarshe, Kaka."

Na ce, "Allah ya shirye ka." Na ture shi na shiga.

Kashegari ya juya alamar. Lasifika ta kira ni farko, na shiga da taƙama. Ta kira Baba Tela, ta kira Direba, ta bi kowa da kowa har jariri. Sai ta ce, "An kammala." A nan ne muka ga mutum ɗaya tsaye da tawul a wuya, idonsa ya yi ja.

Akwai wasu 'yan biyu a gidan, samari masu aiki a gidan burodi, muna kiransu Babba da Ƙarami. Na'ura ta kira Babba, Ƙarami kuwa ko sunansa ba ta ambata ba.

Ƙarami ya ce, "Injiniya, ni fa?"

Jikana ya duba allon kwamfutar ya ce, "Babu kai."

"Kamar yaya babu ni? Ga ni tsaye!"

"A nan kana tsaye. A na'ura babu kai. Rana ɗaya aka haife ku, da ta gwada ku ta ga daidai kuke, sai ta ɗauka abu ɗaya aka sa mata sau biyu, ta ajiye ɗaya ta zubar da ɗaya. Tsafta ce irin ta ilimi."

Babba ya fito yana goge kunne ya ce, "Ka ji ko? Na yi mana wankan. Tafi aiki."

Ƙarami ya ɗaga bokiti zai juye masa, Baba Tela ya shiga tsakani, ruwan ya ƙare a kan Baba Tela. Mutumin da ya riga ya yi wanka ya shafa mai.

Daga ranar kowa ya gane cewa na'urar tana jin magana in an bi ta hannun mai ita. Direba ya fara zuwa. Ya tsaya a bakin ƙofar jikana ya ce, "Ranka ya daɗe, babban Injiniya." Ina ji ta bango. Ya ce shekaru ba su ne ke tayar da mota ba, shi ke riga kowa fita, fasinja na jiransa a tasha, adalci shi ne mai fita da wuri ya fara shiga. Jikana ya ce wannan magana ce ta masu hankali.

Bayansa Malama ta zo. Ta ce, "Injiniya, kai da ka yi karatu ka sani, mai saurin wanka shi ya kamata ya fara. Ni kafin a ƙifta ido na fito. Direba kuwa in ya shiga sai ya rera waƙa tun daga farkonta har amshi, ya sake." Jikana ya ce wannan ma magana ce ta masu ilimi.

Baba Tela ya ji labari ya zo da tef ɗin awo a wuya. Bai yi fadanci ba. Ya ce, "Yaro, in ka cire shekaru daga na'urar nan, wandon da ka kawo in rage maka, ƙafa ɗaya zan rage."

Jikana ya rasa wanda zai ɓata wa. Ya kwana biyu yana zagaya teburina yana cizon biro, sannan ya fito tsakar gida ya buga tafi.

Ya ce, "Jama'a, na warware! Ma'auni uku za a yi: shekaru, fita da wuri, da saurin wanka. In an gwada mutum biyu, wanda ya ci biyu cikin uku shi ne gaba. Kowa an saurare shi. Kuma tawa na'urar ba irin ta malalata ba ce. Sai ta gwada kowa da kowa, in ta ga na baya ya fi na gaba ta musanya su, ba za ta huta ba sai layi ya miƙe sarai."

Ƙarami ya ce, "Ni fa, na dawo duniya?"

"Ka dawo. Na sa mata cewa Babba ya riga ka da ɗan lokaci."

Direba ya ce, "In na ga ta ɓata mini lokaci, shigewata zan yi, ta yi ta kira."

Wannan magana ita ta jawo mana masifa. Jikana ya tafi kasuwa ya dawo da wani kwaɗo na lantarki, baƙi, mai ɗan jan ido. Ya cire tsohuwar sakata ya jefa a kwandon shara, ya ɗaura wannan. Ya ce daga yanzu ƙofa ba za ta buɗe ba sai na'ura ta gama jera layi ta gamsu.

Na ce, "Angona, gobe ne fa Mai Makulli zai zo. Ba za ka gwada ba tukuna?"

Ya ce, "Kaka, mai shakka ne ke gwaji. Ni na san abin da na rubuta."

Ranar hutu Mai Makulli ya shigo da sassafe cikin babbar riga, makullansa na ƙara. Mai aski ya biyo shi, wai ya zo gaisuwa ne kawai, ya jingina da bango yana murmushi. Maƙwabta suka leƙo ta ƙofa, yara suka hau katanga. Matar Tela, da ke son a gyara mata rufin ɗaki, ta shimfiɗa wa Mai Makulli darduma ta kawo masa shayi a babban kofi. Ya shanye, ta ƙara. Ya ce ya isa, ta ƙara.

Jikana ya fito da wandon da aka rage masa da riga mai dogon hannu, ya yi jawabi. Ya ce yau gidan nan zai shiga tarihi. Ya ce nan gaba asibitoci da tashoshin jirgi za su zo su roƙe shi. Ya ce wa mai aski in ya buɗe shago zai koya masa kwamfuta a rangwame. Sannan ya ɗaga yatsa sama, ya sauke shi a kan na'ura.

Lasifika ta ce, "Kaka, koma baya."

Na ce, "Ni?"

Jikana ya ce, "Kin ci shekaru, amma ba kya fita ko'ina, kuma kina daɗewa."

Na koma baya, saboda shagon. 'Yan biyu aka sa su a gabana, matar Tela a gefena tana huci. Can gaba aka bar mutum uku: Baba Tela, Direba a bayansa, Malama a bayan Direba. Mai Makulli ya gyaɗa kai. Na ga jikana ya kumbura kamar zai tashi sama.

Sai lasifika ta ce, "Malama ta fi Tela. Ku musanya."

Suka musanya. Malama ta dawo gaba tana murmushi, ta kai hannu ga ƙofa.

"Direba ya fi Malama. Ku musanya."

Direba ya wuce gaba yana kaɗa tawul.

"Tela ya fi Direba. Ku musanya."

Baba Tela ya ja bokitinsa ya dawo gaba, ya ce, "Yawwa, ta dawo hayyacinta."

"Malama ta fi Tela. Ku musanya."

Baba Tela ya ce, "Yanzu fa na zo!"

Jikana ya ce, "Ku bi umarni, tana lissafi ne. Ta kusa."

Suka bi. Malama gaba, Direba gaba, Tela gaba, Malama gaba. Ruwa na zuba daga bokitai, baranda ta jiƙe, silifas ɗin Direba ya tsinke ya ci gaba da ƙafa ɗaya. Yaran kan katanga suka fara tafi suna bin muryar lasifika, "Ku musanya! Ku musanya!" Wata maƙwabciya ta ce ita dai ba ta taɓa ganin rawa da bokiti ba sai yau. Jan idon kwaɗon nan kuwa yana kallonmu, ko ƙiftawa bai yi ba.

Mai Makulli ya ce, "Yaro, yaushe za a shiga?"

"Ranka ya daɗe, da zarar ta gama."

"Yaushe za ta gama?"

Jikana ya duƙa kan allo. Na ga gumi ya tsatso masa a bayan wuya. Ya yi ta ƙirga da yatsu, sannan ya miƙe, ya gyara tabarau, ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Na gano! Na'ura ba ta yi kuskure ba. Baba Tela ya fi Direba, don ya girme shi kuma ya fi shi saurin wanka. Direba ya fi Malama, don ya girme ta kuma yana riga ta fita. Malama ta fi Baba Tela, don tana riga shi fita kuma ta fi shi sauri. Kun gani? Kowa ya fi wani, wani ya fi shi. Mutanen ne ba su jeruwa. Laifin gidan ne."

Malama ta ce, "To mu ƙaura?"

Ya ce, "A'a, gyara kaɗan ne. Baba Tela, in za ka yarda ka rage shekarunka su dawo ƙasa da na Direba..."

Baba Tela ya ajiye bokiti ya ce, "Riƙe ni, Direba. Riƙe ni kafin in ɗinke bakin yaron nan."

A nan ne shayin matar Tela ya fara aiki. Na lura Mai Makulli ya daina gyaɗa kai, ya fara gyaɗa ƙafa. Ya tashi tsaye. Ya zauna. Ya sake tashi. Gidansa na jikin namu, amma sai an zaga ta titi, ga taron jama'a cike da ƙofa.

Ya ce a hankali, "Injiniya, buɗe mini ƙofar nan."

"Ranka ya daɗe, ba ka cikin abubuwan. Sai na shigar da kai. Shekarunka nawa? Kana daɗewa a ciki?"

"Buɗe ƙofa!"

"Ba ta buɗuwa sai layi ya miƙe."

"Kashe na'urar!"

"In an kashe ta kwaɗon yana ƙara kamawa. Na tsara shi haka saboda tsaro."

Mai Makulli ya kwance tarin makullansa ya lalubi ƙofar yana neman ramin makulli. Babu rami. Ya juyo, fuskarsa ta yi kamar zai yi kuka, ƙafafunsa a harɗe, ya ce, "Ku fasa! Ƙofata ce, na ce ku fasa!"

Direba da 'yan biyu suka ja da baya suka taho a guje. Santsin baranda ya kwashe su tun kafin su isa, suka daki ƙofar su uku a dunƙule. Ta fita da ƙusoshinta gaba ɗaya ta kwanta a ciki, su a kanta. Lasifika ta faɗo tana lilo a igiyar shanya, tana cewa, "Ku musanya." Mai Makulli ya tattare babbar riga ya tsallake su. Sai ya tuna babu ƙofa, ga rabin unguwa na kallo.

Matar Tela ta fizgo zanin gado daga igiya, na kama gefe ɗaya ta kama ɗaya, muka juya baya muka tare. Aka jawo Direba da 'yan biyu ta ƙasa. Tsakar gida ta yi tsit, irin shirun da kowa ke jin abin da bai kamata ya ji ba.

Daga bayan zanin muryar Mai Makulli ta fito, a sanyaye, kamar ta wanda aka sauke wa kaya. Ya ce, "Mai aski yana nan?"

Mai aski ya ce, "Ina nan, ranka ya daɗe."

"Kawo madubinka gobe."

Jikana ya naɗe wayoyinsa ya shige ɗaki. Ranar bai fito ba. Na kai masa abinci na ajiye a bakin ƙofa, da yamma na ga kwanon yadda na bar shi. Ta taga ina jin mai aski yana share shago yana fito.

Washegari faɗa ya dawo sabo, har ya fi na da, don yanzu kowa ya san ma'aunin da ya fi wani da shi. Baba Tela na ihun shekaru, Direba na ihun fasinja, Malama na ihun sauri. Na cika bokiti da ruwan ɗumi, na sa sabulu da soso a murfi, na ratsa su da gwiwar hannu. Na taka ƙafar Direba, na ture Babba ko Ƙarami, ban tsaya dubawa ba, na dire bokitin a gaban zanin gadon da aka rataya a madadin ƙofa.

Na ɗaga murya na ce, "Angona! Fito!"

Bai fito ba.

"Ka fito ko in zo in fito da kai da kunne a gaban mutane!"

Ya fito, babu tabarau, kansa a ƙasa. Na ce, "Wurin nan nawa ne, na ba shi. Shi zai fara shiga."

Baba Tela ya ce, "Haba Kaka! Da wane ma'auni?"

Na ce, "Ni na goya shi. Akwai mai gwadawa?"

Jikana ya zo ya ɗauki bokitin. Da zai wuce ni ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Kaka, na yi tunani. In aka ƙara ma'auni na huɗu..."

Na danna masa sabulu a hannu, na tura shi ciki, na ja zanin na riƙe masa gefen da iska ke ɗagawa har ya gama.